Kaset Ɗin Da Ya Ci Mini Ribar Buhu Biyu

Yau labarin keke zan ba ku, kuma da ɗan tonon asirin kaina a ciki. Don haka duk wanda ya san mahaifina a kasuwar Bodija, don Allah kada ya je ya tayar masa da zancen, magana ta riga ta wuce.

Ni haifaffen Sabo ne a nan Badun, wato Ibadan. Baba yana sayar da wake a Bodija, ni kuma tun da na gama sakandare nake zaune a rumfarsa. Aikina bai wuce awo, da rubuta bashi, da zagayawa wurin masu abincin da muke ba kaya don karɓo kuɗi ba. Wannan zagayen shi ne babban aikin, domin wata tana Dugbe, wata tana Oje, wata tana can Sango. Da can 'yar Micra nake shiga, ko in hau acaɓa. To ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Tinubu ya ce an cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500, sai ya zama kuɗin motar da nake kashewa wajen karɓo bashi yana neman cinye ribar bashin. Ni na kawo shawarar keke. Baba ya yi na'am, don shi kansa da Rali ya fara kasuwanci a gida kafin ya sauko Kudu, kuma har yau yana ba da labarinta kamar labarin amarya.

Abin da ya yi zato shi ne zan sayo baƙin keke mai kariya a baya. Ni kuwa da na je wurin masu kekunan gwanjo, idona ya faɗa kan wani siririn keken tsere mai lanƙwasasshen hannu, da yatsa biyu na ɗaga shi. Ban iya barinsa ba. Da na kawo shi gida Baba ya zagaya shi sau biyu, ya ce, "To wannan ina ake ɗora kaya?" Na ce ai kuɗi nake karɓowa, ba buhu nake kaiwa ba. Ya yi shiru. Yaran unguwa kuwa suka sa mini suna ɗan tsere, direbobin Micra suna leƙo kai ta taga suna cewa "Mola, ina za ka da wannan?"

Duk wanda ya san Badun ya san gari ne na hawa da gangara. Daga Sabo ka fito shataletalen Mokola, ko ina ka nufa sai ka hau wani abu. Keken nan kuwa an haɗa shi ne don shimfiɗaɗɗen titi da masu ƙarfin cinya. A gaba yana da faranti biyu, mai haƙora 53 da mai 39. A baya yana da fayafai 10 a jere, ƙaramin mai haƙora 12, babban mai 25. Wannan jerin fayafan na baya shi ake kira kaset (ranar da na fara faɗin sunan a gida Baba ya ɗauka kaset ɗin wa'azi nake nufi). Ƙa'idar mai sauƙi ce: idan kana hawan tudu, kana so sarƙa ta koma kan faifai mai yawan haƙora a baya, don tuƙi ya yi laushi. Ni kuwa iyakata 25. Ko na sa giya mafi sauƙi, duk juyi ɗaya na feda sai tayar baya ta juya fiye da sau ɗaya da rabi. A tudun Mokola, da rana tsaka, wannan azaba ce. Sau da yawa sauka nake yi in tura, 'yan makaranta suna dariya.

Sai na fara neman kaset mai manyan fayafai. Wani da muke hira da shi a waya, mai sayar da kayan keke na gwanjo a Legas, ya turo mini hoton wani kaset na Shimano, fes da shi kamar ba a taɓa hawa ba, daga haƙora 11 zuwa 28. Ya ce mai giya 11 ne. Na ce nawa mai 10 ne. Ya ce ai duk Shimano ne, kuma 11 ta fi 10. Mai karatu, wallahi wannan magana ta shige ni, don a lissafin da na sani duk inda aka ce ƙari, to riba ce. Na duba sunan da ke jikin keken nawa, Shimano 105. Na duba na jikin hoton, Shimano 105. Me ya rage?

Kuɗi suka rage. A ranar na karɓo bashi daga wata mai abinci a Dugbe, matar da ta daɗe tana sayen wake a hannun Baba tun ina firamare. Kuɗin sun kai ribar buhu biyu. Na tura wa na Legas, na dawo rumfa na ce wa Baba ta ce sai mako mai zuwa. Niyyata in cike gurbin da ɗan abin da yake ba ni kafin a lura. Kowa da irin wautarsa, wannan ita ce tawa.

Da direba ya kawo saƙon, na fara kai keken wurin wani mai gyara kusa da gida. Ya ɗauko guduma da ƙusa zai buga. Ashe ya ɗauka irin firiwil ɗin kekunan da ya saba da su ne, wanda ake murɗa shi gaba ɗaya a jikin ƙafa kamar murfin kwalba. Kaset ba haka yake ba. A tsakiyar ƙafar baya akwai wani gajeren bututu mai tsaga-tsaga a jiki, ana kiransa firihob, shi ne yake yin ƙarar nan ta tik-tik idan ka daina tuƙi. A kansa ake zura fayafan ɗaya bayan ɗaya, sannan a ɗaure su da wani zoben kulle mai zare. Kwance shi sai da makulli na musamman da wata 'yar sanda mai guntuwar sarƙa da ake riƙe fayafan da ita. Allah ya sa na hana shi bugawa.

Aka yi mini kwatancen wani dattijo Bayarabe da ke gyara wa masu hawan keke na ranar Asabar. Shagonsa cike yake da tarkace har rufi. Na gaishe shi da Yarabanci, ya amsa da Hausar da ta fi Yarabancina kyau, don ya ce ya yi zaman Kaduna. Ya kwance tsohon kaset cikin minti biyu. Wani siririn zobe ya faɗo daga bayansa, yaron shagon ya kai ƙafa zai share, dattijon ya daka masa tsawa. Ya ce wannan zoben kaurinsa milimita 1 ne, idan babu shi kaset mai 10 irin nawa ba zai ɗauru ba, zai riƙa girgiza. A lokacin ban ɗauki maganar da muhimmanci ba, hankalina yana kan sabon kaya.

Ya fara zura sabon. Tsagogin sun dace daidai, har wata tsaga mai faɗi da aka yi don kada a juya faifai ba daidai ba, ita ma ta hau. Na fara murmushi. Faifai na 9 ya shiga, na 10 ya shiga, na 11 kuwa ya tsaya a sama, bututun ya ƙare. Ya ɗora zoben kulle, zaren bai kama ba. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ɗana, wa ya sayar maka da wannan?"

Abin da ya bayyana mini a ranar, da abin da na bi na karanta daga baya, ga shi. Faɗin bayan keken tsere irin nawa, inda ƙafa take shiga, milimita 130 ne, kuma haka yake tun zamanin masu giya 8. Da kamfanoni suka riƙa ƙara giya, ba su faɗaɗa keken ba, fayafan suka riƙa matsewa. A Shimano, daga tsakiyar faifai zuwa tsakiyar na kusa da shi milimita 4.8 ne a mai giya 8, ya koma 4.35 a mai 9, ya koma 3.95 a mai 10. Shi ya sa waɗannan uku duk suke hawa bututu ɗaya, kamar yadda ake matsa fasinja a Micra ba tare da an ƙara kujera ba. Amma da suka zo kan 11 a 2012, matsi ya ƙi, dole suka ƙara wa bututun tsawon milimita 1.85. Ka ji abin da ya raba ni da ribar buhu biyu, tsawon da bai kai kaurin ƙwayar wake ba. Da abin a juye yake, wato ƙafata mai dogon bututu ce kaset ɗin kuma mai 10, da zobe kawai za a sa a cike gurbin. Gajeren bututu kuwa ba a ja masa tsawo.

Na ce masa, "Baba, a yi dabara mana." Ya ce akwai dabara, amma ba zan ji daɗinta ba. Na nace, don na san abin da na baro a rumfa. Sai ya cire faifai ɗaya daga tsakiya, suka zama 10, ya cike gurbin da zobba a baya, ya ɗaure. Ya hau daram. Na ce to ai shi ke nan, 10 da 10. Ya girgiza kai kawai ya karɓi kuɗin aikinsa.

Inda lissafina ya ɓaci shi ne madannin giya da ke hannun keken. Kafin 1984, lokacin da Shimano ya fito da giya mai ƙas-ƙas, mahayi da hannunsa yake lallaɓa sandar giya har sai ya ji sarƙa ta zauna, don haka kowane irin jerin fayafai za ka iya hawa da shi. Na yanzu kuwa duk dannawa ɗaya tana jan waya gwargwadon da aka ƙayyade mata tun daga masana'anta, ita kuma wayar ta ja ƙarfen nan da ke rataye a ƙarƙashin kaset, wanda ke tura sarƙa daga faifai zuwa faifai, ana ce masa direla. Madannina an yi shi ne ya tura sarƙa milimita 3.95 a kowane taku. Fayafan da na ɗora kuwa, ko da yake yanzu 10 ne a ƙirge, tazarar 'yan 11 ce a tsakaninsu, wadda ta gaza waccan da kusan milimita 0.2. A taku na farko ba ka jin komai. A na biyu ma haka. Amma kuskuren taruwa yake yi, kafin ka kai manyan fayafai ya haura milimita ɗaya da rabi, sarƙa ta tsaya a tsakani tana shawarar inda za ta. Ga shi kuma ita sarƙar ta 'yan 10 ce, ta fi ta 'yan 11 kauri, tana gogar faifan da ke gefenta. A shimfiɗaɗɗen titi ƙara kawai take yi. Manyan fayafan kuwa, waɗanda dominsu na sayi kayan, a tudu ake buƙatarsu, lokacin da mutum ya ɗora duk nauyinsa a kan feda.

Kwana na huɗu, ina hawan Mokola, na miƙe tsaye ina tuƙi, sarƙa ta yi tsalle. Feda ta zube ƙasa babu komai a ƙarƙashinta, gwiwata ta daki hannun keke, na kife a gefen titi. Allah ya taimake ni mai Micra ɗin da ke bayana ya taka birki. Ya zage ni da Yarabanci, sannan ya fito ya ɗaga ni, ya kuma sake zagina. Wando ya yage, gwiwa ta kumbura, gilashin waya ya tsage.

Da ɗingishi na isa rumfa, kuma a ranar ce matar nan ta Dugbe ta zo da kanta ɗaukar kaya. Ina daga ciki ina jin Baba yana ce mata, cikin lallashi, ko za ta ɗan rage na baya kafin a ƙara sabo. Ta ce wane na baya, ai ta ba yaro tun makon jiya. Ban taɓa jin kasuwar Bodija ta yi mini shiru kamar lokacin ba. Baba bai ko waiwayo ni ba. Ya dafa goshi ya ce mata, "Haka ne Mama, tsufa ne, ni na manta ban goge ba. Ki yi haƙuri." Ya sa aka auna mata, har ya ƙara mata gyara.

Bai ce mini komai ba sai bayan sallar isha'i. Ya kira ni ɗakinsa, na zauna a ƙasa, na faɗa masa duka, har da milimita 1.85. Ya saurara har na gama. Ya ce kuɗin ba su ne suka dame shi ba, abin da ya dame shi shi ne na sa ya nemi bashin da aka biya a wurin matar da ba ta taɓa cin masa ko sisi ba, kuma a garin da ba namu ba sunan mutum shi ne jarinsa. Wannan ta fi faɗuwar Mokola ciwo. Can kuma sai ya ce, "Kai yanzu ɗan kasuwa ne? Ka taɓa ganin na sayo wake a Dawanau da tiya, na zo nan na sayar da lissafin tiya? Nan kongo ake yi. Duka kwano ne, amma ka auna ka gani." Ya yanke cewa zai riƙa cire rabin abin da yake ba ni har kuɗin su cika, kuma ni zan je Dugbe in ba matar haƙuri da bakina. Na je. Ta ja mini kunne, a zahiri, a gaban masu cin amala.

Na koma wurin dattijon da kunyata. Bai ce ai na gaya maka ba, Allah ya saka masa. Ya mayar wa kaset ɗin faifan da ya cire, ya ce zai nemo mai saye cikin mutanensa na Asabar masu sababbin kekuna. An saya, amma da faɗuwa, kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi. Sannan ya shiga tarkacensa ya fito da abu biyu. Na farko kaset mai giya 10 na keken hawan dutse, daga haƙora 11 zuwa 34. Na ce ai wannan ba na keken tsere ba ne. Ya ce tazarar fayafansa daidai take da ta nawa, kuma bututu ɗaya suke hawa, ko zoben nan na milimita 1 ba ya buƙata. Matsalar kawai direlata gajera ce, an yi ta ne don faifan da bai wuce haƙora 28 ba. Sai ya nuna mini abu na biyu, wata tsohuwar direla mai dogon hannu, duk ta goge, ita ma ta keken dutse. A jikinta an rubuta giya 9.

Na ja da baya. Na ce, "Baba, 11 ta ƙi, yanzu kuma 9?" Ya yi dariya har da tari. Ya ce direla ba ta ƙirga, madanni ne yake ƙirga. Ita dai idan an ja waya kaza, ta matsa kaza, kuma tsofaffin direlolin Shimano na keken dutse masu giya 9 gwargwado ɗaya suke matsawa da na keken tsere masu 8 da 9 da 10 irin nawa. Abin mamakin, ya ce da mai lamba 10 ta keken dutse ya ɗauko, da ba za ta yi ba, don a nan kamfanin ya sauya gwargwadon jan wayar. Haka ma Tiagra 4700 da ta fito a 2015, giya 10 ce amma jan wayarta irin na 'yan 11 ne. Wato lambar da aka buga a jiki ba ta isa ta gaya maka abin da zai zauna da wani ba.

Tun daga nan na zama mai yawan tambaya a kan kayan nan, har abin ya zame mini kamar ciwo. Na gano cewa kaset ɗin SRAM, kamfanin Amurka, yana hawa bututun Shimano har zuwa giya 11, amma na Campagnolo na Italiya tsagoginsa dabam ne sam, kuma irin ƙafafun nan suna shigowa cikin gwanjo, mutum ya saya don arha ya rasa abin da zai ɗora. Na gano cewa akwai kaset mai 11 na keken tsere, mai haƙora 11 zuwa 34, wanda yake hawa gajeren bututu irin nawa, domin babban faifansa an lanƙwasa shi ya leƙa ta saman sifok. Da shi na saya da ya ɗauru lafiya, sannan in je in faɗi a Mokola duk da haka, tunda madannin bai sauya ba. Mai giya 12 da Shimano ya fitar wa kekunan tsere a 2021 kuwa, a kan bututun 'yan 11 yake zama ba tare da an ƙara komai ba.

Dattijon ya ɗaura kayan, ya sa sabuwar sarƙa mai ɗan tsawo saboda babban faifan, ya ɗaga ƙafar baya ya ce in danna. Na danna sau tara, sarƙa ta hau sau tara, babu gardama. Keken ya yi muni, ban ɓoye ba, siririn jiki da wata ƙatuwar direla tana reto kamar an ɗaura wa barewa ƙafar jaki. 'Yan Asabar suna kallonsa suna murmushi. Amma yanzu juyi ɗaya na feda bai fi juyi ɗaya da ɗan ɗoriya na taya ba, kuma a zaune nake hawan Mokola, har ina iya amsa wa direbobin Micra baƙar magana ba tare da numfashi ya ɗauke ba. Wata Juma'a da yamma na gwada Oke Are, inda hasumiyar Bower take, na kai sama ban sauka ba.

Wata uku Baba ya yi yana cire kuɗinsa, bai yafe ko naira ɗaya ba. Ranar da suka cika ya buɗe littafin bashi, ashe ya rubuta sunana a shafi ɗaya da masu abinci, ya ja layi a kai a gabana. Sannan ya fito waje ya tsuguna a bayan keken, ya ƙirga fayafan da yatsa, ya ce Ralinsa da faifai ɗaya ta kai shi duk kasuwannin ƙauyen da ya ci.

A watan jiya sarƙar ta gaji, ta fara saki. Na zagaya ban samu ta 'yan 10 ba, sai wani mai shago ya miƙo mini ta 'yan 11, ya ce za ta yi. Na ji gabana ya faɗi. Na ce ya ajiye mini, na hau keke har shagon dattijon na tambaye shi. Ya ce wannan karon gaskiya aka gaya mini, siririyar sarƙa tana zama a fayafai masu faɗin tazara, mai kauri ce ba ta shiga matsattsu. Na koma na saya, da kuɗina.